Tarihin Richard na Uku, Sarkin Ingila da aka tono ƙasusuwansa a wurin ajiye motoci

Duk mai zuwa gidan kallon ƙwallo ya san garin Leicester, ko don Ahmed Musa da ya koma can a 2016, ko don Ndidi da Iheanacho da suka biyo bayansa. Ya kuma san zakoki ukun nan da ke ƙirjin rigar 'yan wasan Ingila. To zakokin nan daga tambarin wani gidan sarauta aka samo su, gidan da ya mulki Ingila shekara 331 sannan ya ƙare ƙaƙaf, kuma sarkinsu na ƙarshe a Leicester ɗin nan yake kwance. Sunan gidan Plantagenet, sunan sarkin Richard na Uku. Shekara biyu da wata biyu kacal ya yi a kan karaga, amma har yau Turawa ba su gama musu a kansa ba. Wasu na cewa amanar marayun yayansa ya ci, wasu na cewa waɗanda suka kashe shi ne suka ɓata masa suna.

Asalin gidan da tambarinsa

Kakan gidan mutumin Faransa ne, Geoffrey, mai mulkin yankin Anjou. An ce yana yawan soka reshen wani ɗan itace mai rawayan fure a hularsa, daga sunan itacen a harshen Latin aka yi masa laƙabin Plantagenet. A 1128 ya auri Matilda 'yar Sarkin Ingila Henry na Ɗaya, kuma ɗansu ne ya hau gadon Ingila a 1154 da sunan Henry na Biyu.

A zamanin, in jarumi ya sa sulke ya rufe fuska da kwalkwali, ko uwar da ta haife shi ba za ta gane shi a filin daga ba. Shi ya sa manya suka fara zana alama a garkuwa da tuta da riga, kamar dai yadda ake yi wa shanu shaida da fenti a kara don kar na wani su shige cikin na wani. Da tafiya ta yi tafiya sai alamar ta zama abin gado, ɗa ya karɓa daga uba, har aka yi mata dokoki. Hoton Geoffrey da aka yi don kabarinsa, wanda ke garin Le Mans, ya nuna shi riƙe da shuɗiyar garkuwa mai zakoki ruwan zinare, kuma yana cikin tambura mafi daɗewa da aka sani a Turai. Jikansa Richard na Ɗaya, wanda ake wa kirari da mai zuciyar zaki, shi ne ya sa zakoki uku a hatiminsa wajen 1198, ruwan zinare a kan ja. A 1340 Edward na Uku ya ce gadon Faransa ma nasa ne ta wajen uwa, sai ya raba garkuwar gida huɗu, ya haɗa zakokin da furannin sarautar Faransa.

Daga 'ya'yan wannan Edward na Uku rigimar ta samo asali. Reshe ɗaya, gidan Lancaster, ya ƙwace sarauta a 1399. Ɗaya reshen, gidan York, yana ganin ya fi su cancanta, domin ta wajen mace sun fito ne daga ɗan da ya girmi kakan 'yan Lancaster. An zauna a haka har zamanin Henry na Shida na Lancaster, mutum mai sanyin hali wanda ya kamu da taɓin hankali a 1453. A 1455 aka fara gwabzawa a St Albans. Wannan yaƙin 'yan ubanci shi ne daga baya aka sa wa suna yaƙin furannin wardi, saboda farin wardi alamar York ne, ja kuma ake dangantawa da Lancaster, ko da yake a filin daga mutane sun fi bin alamar ubangidansu na kusa.

Ƙuruciya cikin gudun hijira

An haifi Richard ranar 2 ga Oktoba, 1452, a fadar Fotheringhay. Ubansa shi ma Richard ne sunansa, yana riƙe da sarautar Duke ta York, wato babban hakimi wanda daga shi sai sarki. Uwarsa Cecily 'yar gidan Neville ce, gida mafi ƙarfi a arewacin Ingila. Richard ne auta a cikin mazan da suka rayu, don haka ba wanda ya taɓa kawo masa sarauta a rai.

Yana shekara takwas aka kashe ubansa da yayansa Edmund a yaƙin Wakefield, ranar 30 ga Disamba, 1460. Abokan gaba suka sare kan uban suka kafa a ƙofar garin York, suka ɗora masa kambin takarda don izgili. Uwar ta yi maza ta sa Richard da yayansa George a jirgin ruwa zuwa Utrecht, a ƙasar Holan ta yanzu.

Babban yayansu Edward, saurayi ɗan shekara 18, shi ya ɗauki fansa. Kafin yaƙin Mortimer's Cross a Fabrairun 1461, sojojinsa suka ga kamar rana uku a sama, abin da sanyi da ƙanƙarar sararin sama ke jawowa. Tsoro ya kama su, shi kuwa ya nuna musu cewa alamar nasara ce. Da ya ci yaƙin sai ya ɗauki rana mai haskoki ta zama alamarsa. Ranar 29 ga Maris ya sake murƙushe 'yan Lancaster a Towton cikin dusar ƙanƙara, ya tabbatar da sarautarsa a matsayin Sarki Edward na Huɗu. Aka dawo da ƙannen gida, George ya zama hakimin Clarence, Richard kuma hakimin Gloucester yana ɗan shekara tara. Garkuwarsa irin ta sarki ce, sai dai an gitta mata wata 'yar sanda mai ƙafa uku a sama, wadda ke nuna cewa mai ita ɗan gida ne, ba shi ne mai gidan ba.

Aka tura shi Middleham, gidan ɗan kawunsa Richard Neville hakimin Warwick, ya koyi hawa da sara da zaman fada. Warwick shi ake wa laƙabi da mai naɗa sarakuna, alamarsa dabbar beyar da gungumen itace. A gidan ne Richard ya san 'yarsa Anne.

Ranar da tuta ta ci yaƙi

A 1464 Sarki Edward ya yi aure a ɓoye, ya auri wata bazawara, Elizabeth Woodville, a daidai lokacin da Warwick ke nema masa aure a Faransa. Dangin amarya suka cika fada, suka kwashe muƙamai da auren manyan gidaje. Warwick ya ji an raina shi, ya ja George a jiki ya ba shi babbar 'yarsa Isabel, daga baya ya koma wajen 'yan Lancaster gaba ɗaya. A 1470 ya kori Edward ya mayar da Henry na Shida kan gado. Richard bai bi ubangidan da ya rene shi ba, yayansa ya bi, suka sake ƙetare teku tare.

Suka dawo a Maris 1471. Ranar 14 ga Afrilu aka haɗu a Barnet da asuba, hazo ya rufe ko'ina. Hakimin Oxford, wanda ke ɓangaren Warwick, ya kori waɗanda ke gabansa, ya juyo da mutanensa don su taimaka. Alamar Oxford tauraro ne mai haskoki, ta Edward kuma rana mai haskoki. A cikin hazon nan mutanen Warwick suka ɗauka rana ce, suka yi wa 'yan'uwansu ruwan kibau. Nan take aka fara ihun an ci amana, runduna ta watse, aka kashe Warwick yana neman dokinsa. Ka ga ke nan tambari ba ado ba ne kawai a wajen mutanen nan. Richard yana shekara 18 ya ja ɓangare guda na runduna a ranar, ya kuma sake ja a Tewkesbury ranar 4 ga Mayu, inda aka kashe ɗan Henry na Shida tilo. Shi kansa Henry ya mutu a tsare a Hasumiyar Landan cikin watan, kuma kusan kowa ya yarda da umarnin Edward aka gama da shi.

Wajen 1472 Richard ya auri Anne Neville, wadda ta zama bazawarar yariman da aka kashe a Tewkesbury. George ya tayar da ƙura, don ba ya so a raba dukiyar Warwick da shi. Bayan doguwar taƙaddama Richard ya samu Middleham da filayen arewa. George dai bai daina ƙulle-ƙulle ba har sarki ya gaji, aka yanke masa hukuncin cin amanar ƙasa, aka kashe shi ranar 18 ga Fabrairu, 1478. Labarin da ya bazu tun a lokacin shi ne a gangar giya aka nutsar da shi.

Shekara goma sha ɗaya Richard ya yi yana riƙe wa yayansa arewacin Ingila. Ya yi suna da sauraron ƙarar talaka da raba gardama tsakanin manya, mutanen York suka riƙe shi kamar nasu. A 1482 ya ja runduna zuwa Sikotilan, ya shiga Edinburgh, ya ƙwato garin Berwick wanda har yau yake hannun Ingila. Takensa da tsohon Faransanci aka rubuta, ma'anarsa biyayya ce ta ɗaure shi, kuma har zuwa wannan lokaci ba wanda zai ce ya saɓa.

Baffa da kawu a kan maraya

Ranar 9 ga Afrilu, 1483, Edward na Huɗu ya mutu ba zato, yana shekara 40. Ya bar 'ya'ya maza biyu, Edward ɗan shekara 12 da Richard ɗan shekara tara. An ce kafin ya cika ya bar wasiyya ƙaninsa ya yi riƙon ƙwarya har yaron ya girma. Matsalar ita ce yaron a hannun kawunsa ya tashi, Anthony Woodville hakimin Rivers, kuma dangin uwa na so a naɗa shi da wuri don riƙon ƙwaryar baffa ya zama ba shi da amfani. Richard ya san tarihin gidansu, ya san mutane biyu da suka riƙe sarautar Gloucester kafin shi ba su ƙare lafiya ba.

Ya taso daga arewa, ya haɗu da hakimin Buckingham, suka tare ayarin yaron a Stony Stratford ranar 30 ga Afrilu. Ya kama Rivers da wasu manya biyu ya tura su arewa, ya shigo Landan da yaron da kansa. Uwar yaran ta kwashe sauran 'ya'yanta ta fake a cocin Westminster. Aka sauke ƙaramin sarki a Hasumiyar Landan, wadda a lokacin fada ce da sarakuna ke zama kafin naɗi, ba kurkuku kaɗai ba.

Daga nan abubuwa suka yi ta gudu. Ranar 13 ga Yuni, ana tsakiyar zaman majalisa, Richard ya zargi William Hastings, amini na ƙut da ƙut ga marigayi sarki, da shirya masa makirci. Aka fita da shi aka sare kansa ba tare da shari'a ba. Bayan kwana uku aka lallashi uwar ta miƙa ƙaramin ɗanta, aka kai shi wajen yayansa. Ranar 22 ga Yuni wani mai wa'azi ya tsaya a harabar cocin St Paul ya shelanta cewa yaran ba su da gado. Hujjar da aka tsaya a kai ita ce wai Edward ya riga ya ƙulla alkawarin aure da wata Eleanor Butler kafin ya auri uwarsu, don haka a dokar coci auren na biyu bai ɗauru ba, 'ya'yan kuma ba na halal ba ne. Ita Eleanor ta mutu tun 1468, Edward ma ya mutu, ba mai ƙaryatawa ko gaskatawa. Ɗan George kuma an ce laifin ubansa ya hana shi gado. Wa ya rage? Baffa. Ranar 25 ga Yuni aka kashe Rivers a Pontefract, washegari Richard ya karɓi sarauta, ranar 6 ga Yuli aka naɗa shi tare da Anne.

Yaran biyu an riƙa ganinsu suna wasa a harabar Hasumiya, sannan aka riƙa hangensu ta taga jefi-jefi, kafin ƙarshen bazarar 1483 aka daina ganinsu kwata-kwata. Jita-jita ta cika Ingila har ta kai Faransa cewa an kashe su. Richard bai fito da su ya nuna wa jama'a ba, bai kuma yi bayanin inda suke ba. Masu kare shi na cewa ba a taɓa samun shaida ba, kuma akwai wasu da mutuwar yaran za ta amfana, kamar Buckingham da Henry Tudor. Masu zarginsa na cewa yaran a hannunsa suke, masu gadin nasa ne, kuma duk sarkin da aka tuɓe a Ingila kafin nan bai daɗe a raye ba. A 1674 leburori suka tono ƙasusuwan yara biyu a ƙarƙashin wata matakala a Hasumiyar, aka adana su a Westminster, an duba su a 1933, amma ba a yi musu gwajin DNA ba. Ko ma wane ne ya aikata, marayun a ƙarƙashin amanarsa suka ɓace, kuma wannan tabon bai taɓa barinsa ba.

Farin aladen daji a kan karaga

Alamar Richard ta kansa farin aladen daji ne, mai haure kamar gadu. A wajen Turawan lokacin dabba ce ta jarumta, wadda in an ritsa ta ba ta gudu. Wasu masana na ganin ya zaɓe ta ne don tsohon sunan garin York yana da alaƙa da sunan dabbar. Da ya zama sarki, aladen daji biyu ne ke riƙe da garkuwar zakoki da furanni, ɗaya dama ɗaya hagu. A 1483 ya sa aka yi bajon yadi guda 13,000 masu hoton dabbar don rabawa, lokacin da ya je York aka naɗa ɗansa Edward yarima mai jiran gado.

Maƙiya ma da alamar suka yaƙe shi. A 1484 wani William Collingbourne ya liƙa 'yar waƙar zambo a ƙofar cocin St Paul, ya mayar da manyan fadawan sarki uku kyanwa da ɓera da kare, sarkin kuma alade. An kama shi, aka haɗa masa da laifin aika saƙo ga Henry Tudor, aka yi masa kisan wulaƙanci.

Tun a Oktoban 1483 Buckingham, wanda ya taimaka masa ya hau, ya juya masa baya. Ruwan sama da ambaliya suka hana rundunarsa ƙetare kogin Severn, wani baransa ya sayar da shi, aka sare kansa a Salisbury ranar 2 ga Nuwamba. Abin lura shi ne yawancin 'yan tawayen tsofaffin bayin Edward na Huɗu ne, wato gidan York ne ya rabe biyu. Richard ya ƙwace filayensu a kudu ya ba mutanensa na arewa, hakan ya ƙara wa 'yan kudu haushi.

Duk da haka majalisarsa guda ɗaya, ta Janairun 1484, ta yi dokokin da ko maƙiyansa sun yaba. An ba alƙalai ikon ba da belin wanda ake zargi, an hana ƙwace kayan mutum kafin a same shi da laifi, an soke kuɗin dole da sarakuna ke karɓa da sunan kyauta, an kuma cire littattafai daga takunkumin da aka sa wa baƙin 'yan kasuwa. Dokokinsa ne na farko da aka fitar da Turanci maimakon Faransanci. Ranar 2 ga Maris, 1484, ya ba masu kula da tambura takardar izini su zama hukuma guda, ya ba su gida a Landan don ajiye littattafan asali da alamomin gidaje. Hukumar tana nan tana aiki har gobe.

A gida kuwa abin bai yi daɗi ba. Ɗansa tilo na aure ya mutu a Afrilun 1484. Anne ta bi shi ranar 16 ga Maris, 1485, ranar da aka yi husufin rana, mutane suka ce alama ce. Aka fara raɗe-raɗin wai guba ya ba ta don ya auri Elizabeth 'yar yayansa, har sai da ya tara manyan Landan ya musanta a bainar jama'a.

Bosworth

Henry Tudor ɗan gudun hijira ne da ya shafe shekara 14 a Brittany da Faransa. Jininsa na Lancaster ta wajen uwa ne, kuma mai rauni, amma ya yi rantsuwar zai auri Elizabeth ta York, sai 'yan York masu fushi suka bi shi. Ranar 7 ga Agusta, 1485, ya sauka a gaɓar Wales da sojojin haya na Faransa, tutarsa jan dodo mai fukafukai. Wanda ke ja masa runduna shi ne hakimin Oxford, mai tauraron nan na Barnet.

Ranar 22 ga Agusta aka haɗu kusa da Bosworth. Rundunar Richard ta fi yawa, amma ba duka ke tare da shi a zuci ba. Thomas Stanley, mijin uwar Henry, wato Henry agolansa ne, ya ja mutanensa gefe shi da ƙaninsa William suna jiran su ga inda iska za ta kaɗa, duk da cewa ɗansa na hannun sarki a matsayin garkuwa. Hakimin Northumberland bai shiga faɗan ba. Aka kashe hakimin Norfolk, babban amintaccen sarki. Ana cikin haka Richard ya hango jan dodon can gefe da mutane kaɗan. Aka ba shi shawarar ya janye, ya ƙi. Da kambi a kan kwalkwalinsa ya zaburi doki da 'yan barade, ya kashe William Brandon mai riƙe da tutar Henry, ya kayar da wani ƙato John Cheyne, saura ƙiris ya kai ga Henry. Sai William Stanley ya afko da mutanensa ta ɓangaren Henry. Dokin Richard ya maƙale a fadama, aka yi masa taron dangi. Hatta marubutan da ke cin abinci a fadar Tudor sun yarda ya mutu yana faɗa kamar namiji. Shekararsa 32, kuma shi ne Sarkin Ingila na ƙarshe da ya mutu a filin yaƙi.

Aka tuɓe gawar tsirara, aka ɗora a kan doki kamar buhu zuwa Leicester, aka baje ta kwana biyu don kowa ya tabbatar, sannan wasu 'yan zuhudun coci suka binne shi a gaggauce ba akwati. Majalisar garin York ta rubuta a littafinta cewa da cin amana aka kashe shi kuma garin na cikin baƙin ciki. Henry kuwa ya sa aka fara lissafin mulkinsa daga 21 ga Agusta, don duk wanda ya yi wa Richard yaƙi ya zama ɗan tawaye a doka. Ana ba da labarin cewa masu masauki da ke da allon farin alade sun yi maza sun shafe shi da shuɗi, don shuɗin alade na cikin alamomin Oxford.

Yadda gidan ya ƙare

A Janairun 1486 Henry na Bakwai ya auri Elizabeth, ya haɗa jan wardi da fari ya zama fure guda, alamar gidan Tudor. Zakokin ya riƙe su, domin sun riga sun zama na ƙasa. Sauran jinin Plantagenet kuma aka bi su ɗaya bayan ɗaya. Edward ɗan George yana shekara goma aka kulle shi a Hasumiya, ya shekara 14 a ciki, aka sare kansa ranar 28 ga Nuwamba, 1499. Da shi zuriyar maza ta halal ta yanke. Yayarsa Margaret Pole ta kai shekara 67, sannan Henry na Takwas ya sa aka sare ta a 1541. Marubutan zamanin Tudor, irin su Thomas More da daga baya Shakespeare, suka zana Richard a matsayin mugu mai ƙusumbi da shanyayyen hannu, kuma hoton da duniya ta riƙe ke nan shekaru aru-aru. An rushe cocin da aka binne shi a 1538, kabarin ya ɓace.

A 2009 masu bincike suka tsinci ɗan bajon azurfa mai siffar aladen daji a gefen tsohuwar fadama kusa da Bosworth, abin da ya taimaka wajen gane inda faɗan ƙarshe ya auku. A Agustan 2012 kuma, da ƙoƙarin wata mata Philippa Langley da Jami'ar Leicester, aka fasa kwaltar wani wurin ajiye motoci na ma'aikatan gwamnati. A ranar farko aka ci karo da ƙasusuwan ƙafa. Ƙwarangwal ɗin na da raunuka 11, tara a kai. Ƙashin bayansa a karkace yake, wanda zai sa kafaɗar dama ta ɗan fi ta hagu tsawo, amma ba ƙusumbi, hannayensa kuma lafiya lau. Gwajin DNA ya dace da na wani kafinta haifaffen Kanada, wanda ya fito daga tsatson yayar Richard, Anne ta York. Ranar 4 ga Fabrairu, 2013, aka sanar cewa shi ne.

York da Leicester suka yi ta jayayya kan inda za a binne shi, har kotu, Leicester ta yi nasara. Kafintan nan ne ya ƙera akwatin, aka sake binne shi a babban cocin garin ranar 26 ga Maris, 2015, aka sa sunansa da takensa da garkuwar zakoki a jikin kabarin. A lokacin Leicester City ce ta ƙarshe a teburin Firimiya. Ta ci wasa bakwai cikin tara na ƙarshe ta tsira, a kakar da ta biyo baya kuma ta ɗauki kofi, har magoya baya na tsokanar cewa tukwicin sarki ne.

Ƙasusuwan sun wanke shi daga ƙaryar ƙusumbi, sun kuma tabbatar da cewa a tsakiyar abokan gaba ya faɗi. Maganar yaran nan biyu dai tana nan inda take tun 1483. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, musamman ta marayu. Sai mun haɗu a tarihi na gaba.